Garin da Muke Tuƙi a Kansa

Ran nan ina zaune a ƙofar gida a Didawure, Zongonmu na Sokode, ina shan iska, sai 'yan zemijan ɗin nan da ke jera baburansu na haya a gindin mangwaro suka kira ni in ga abin mamaki a waya. Wani yaro ne a can kudu yake tsala gudu da jirgin inji a kan tafki, Turawa na ihu a bayansa. Ɗaya a cikinsu, jikan ƙanwata ne ma mara kunyar, ya ce, "Tsoho, ashe wannan ne aikin da kake cika mana baki da shi? Ai zama ne kawai. Ba rami, ba kwana, ba jandarma." Na ce masa, "Kai ɗan nema, ruwan da na yi aiki a kansa akwai kwana, akwai mararraba, akwai hanyar kasuwa, har da gidajen mutane." Ya dubi 'yan'uwansa ya ce tsufa ya fara taɓa ni. To, shi ya sa na zauna rubuta wannan da ɗan bokon da na tsinta, wanda bai cika cokali ba. Wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa, kada ya zo ya tashe ni daga barci.

Ni ɗan mahauta ne gaba da baya. An sa ni makarantar allo, malam ya yi iya ƙoƙarinsa, Allah ya saka masa. An kai ni lakwal, makarantar boko, na koyo "bonjur Musye" da yadda ake fita ta taga. Da aka ga haka sai aka ce in bi sana'ar gida. Ranar da aka fara ba ni igiyar bijimi, ya waiwayo ya dube ni, ni ma na dube shi, muka fahimci juna, na sakar masa igiyarsa. Sai bayan la'asar aka kamo shi yana cin rogon mutane. Mahaifina bai doke ni ba. Ya haɗa ni da fataken da ke zuwa Dapango sayen shanu, ya ce in sun sami mai so su bar ni can, ba sai sun kawo canji ba.

A lokacin ba a daɗe da tare ruwa ba a wani kwari tsakanin Dapango da Tanjuware. Baraji ake ce wa wurin, wato madatsar ruwa. An yi shi ne don famfon gari da noman rani, ba wanda ya taɓa tunanin akwai mahalukin da zai taso daga wata ƙasa don ya zauna ya kalli ruwa. Masu fara zuwa Turawan mishan ne da malaman lakwal, ran Lahadi, da ƙugiya da burodi a jaka. Wata mata 'yar kudu, Madam Abla, wadda mijinta ya rasu yana aikin gidan waya a Dapango, ita ta fara gane cewa mai kallon ruwa ma yana jin ƙishirwa. Ta kafa rumfar ciyawa, ta kawo firji mai aiki da kananzir, tana soya kifi. Shekara ta zagayo ta gina ɗakuna uku masu zagaye irin na Moba, ƙabilar yankin, ta sa gidan sauro da fitilar ƙwai. Kafin a ce haka, manyan motocin nan masu keto Sahara sun ji labari, suna sauka da mutane jajur kamar an gasa su. Da hukuma ta ga abin na ci, ta karɓe shi, ta ƙara ɗakunan siminti, ta kafa tuta, ta ja waya ta sa mai gadi a ƙofa, aka raɗa masa suna kampaman, wato masaukin baƙi. Madam aka bar ta tana riƙe da shi.

Ku da kuka taso ba ku ga wurin ba, kun yi asara. Da yamma ruwan ya kan kwanta kamar an goge tire. Tsuntsaye fari fat a kan busassun itatuwa, giwaye na saukowa daga gandun daji su sha a tsallake, ka ga Bature ƙato yana share ido. Matar nan da hannunta ta yi duk wannan, ba ta taɓa ganin otel a rayuwarta ba sai wanda ta gina.

Gashin kifi ta ɗauke ni in yi. Kwana kaɗan ta lura kifi na ƙonewa ni kuwa ina can ina ba baƙi labari da Faransancin da ni kaɗai nake ji. Ta kira ni ta ce, "Musa, ina da mai jirgi mai hannu ba baki, kai kuma baki ba hannu. Je ka wurin Lamboni, in an haɗa ku za a sami mutum guda."

Baba Lamboni mutumin Moba ne, dogo, siriri, maganarsa ta yini ba ta cika tafin hannu. Garinsu ne ke ƙarƙashin ruwan. Da aka tashe su, danginsa suka watse, wasu kan tudu nan kusa, wasu har Naki. Shi ya ƙi yin nisa, saboda kabarin ubansa na can tsakiyar baraji. Kowace shekara bayan an kai gero rumbu ya kan ɗauki farar kaza da ƙwaryar burukutu ya kai wa tsohon, yadda al'adarsu take. An hana 'yan gari sa jirgi a ruwan, ko kamun kifi ba a bari. Saboda haka jirgin kampaman shi kaɗai ne hanyarsa ta zuwa wurin ubansa, kuma don shi ya karɓi aikin. Ku riƙe wannan, don duk labarin a kansa yake.

Jirgin kwale-kwale ne na maɗaci, sassaƙar masunta daga Mango. Kayan aiki ba su da yawa: filafili na tuƙi, doguwar gora ta dogarawa, ƙwarya ta kwarfe ruwa, igiya, sai auduga da kwalta na toshe tsaga. Aikina na farko kwarfe ruwa ne. Na yi wata da watanni ina kwarfewa, har na fara zargin tsohon da dare yake ɗebowa ya zuba don kada in rasa abin yi.

Ranar da ya fara ba ni filafili, ba baƙo a ciki, na hango wani tsibiri na miƙe sak zuwa gare shi, yadda kowane mai hankali zai yi. Ban yi nisa ba na ji ƙum, jirgi ya hau wani abu ya karkace, na rungume gefensa ina kiran sunayen Allah har da waɗanda malam bai kai ga koya mini ba. Tsohon bai ko motsa ba. Ya ce, "Ɗan Zongo, a Sokode haka kana shiga gonan mutane? Wannan kaɗanya na Duti ne." Sannan ya yi mini bayani mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinsa. Da ruwa ya zo ba a sare itatuwa ba. Kaɗanya, ɗorawa, tsamiya, duk sun mutu a tsaye, kawunansu suka karye daidai fuskar ruwa, suka bar kututture masu tsini kamar masu, ɓoye ƙasa da taƙi guda. Inda babu itace a duk kwarin nan shi ne inda mutane suke bi da ƙafa. Don haka mu ba a kan ruwa muke tuƙi ba, a kan tsofaffin hanyoyin gari muke. Akwai hanyar kasuwa, ita ce babba. Akwai hanyar rijiya. Akwai wata 'yar siririya mai lanƙwasa da ya ce samari ne suka tattake ta zuwa gidan wani mai 'yan mata da yawa.

Yadda ake gane hanya iri biyu ne. Na farko da ido: ka daidaita wani farin dutse na kan tudu da busasshiyar kukar da ta fito daga ruwa, in ɗaya ya rufe ɗaya kana kan hanyar kasuwa. Wannan ko jaki aka nuna wa zai iya. Na biyu da gora. Ka soka ta ƙasa ka saurara da tafin hannu. Gona tana da laushi, gora ta nutse ta riƙe, har kunyoyi za ka ji ɗaya bayan ɗaya. Tsohon gini ya kan rugurguje a ƙarƙashinta. Hanya kuwa, ƙafar kaka da kakanni ta daddaɓe ta, gora na sauka ta dawo maka da tauri kamar ka taɓa daɓe. Ya kan ɗaure mini ido da ɗankwalin Madam ya ce in kai shi rijiya. In na kauce ya ce, "Ka shiga gyaɗa." In na ƙara kaucewa ya ce, "Yanzu dawa." Na fi shekara biyu ina yi wa matattun gonaki ɓarna kafin hannuna ya buɗe. Iyo kuwa ban taɓa koya ba har yau. Ya ce mai jirgin da ya iya iyo ba ya kula da jirgi, ni kuma na ga wannan karatu ya yi daidai da ra'ayina.

Wani Bajamushe da ya kawo mota sayarwa shi ya koya mini zaunar da fasinja. Mutum ne kamar buhu uku a ɗaure. Na bar shi ya zaɓi wurin zama don girmamawa, ya zauna a goshi, bayan jirgi ya ɗaga har filafilina na kaɗa iska. Muna tsakiya ya hango giwa ya miƙe tsaye da abin hoto. Abin da ya cece mu, Baba Lamboni ya sa gora ya taɓa masa bayan gwiwa, ya zauna ba shiri. Tun ranar na san doka: mai nauyi tsakiya, mai tsoro kusa da kai, mai abin hoto ka faɗa masa tun a tudu cewa ba a miƙewa. Kuma mai yawan dariya a bakin ruwa shi ne mai tsoron, ba wanda ya yi shiru ba.

Akwai wata tsohuwa Baturiya mai kallon tsuntsaye, ta kan zo kowace shekara da madubin hangen nesa. Duk tsuntsun da ta nuna sai ta tambayi sunansa da Hausa. Ni ɗan birni, ban san kowa ba daga balbela sai angulu. Amma mai jirgi ba ya cewa bai sani ba. Wannan "ɗan liman", wancan "surukin kwaɗo", wani mai dogon wuya na ce "mai jiran albashi". Tana rubutawa tana godiya. In akwai wata ƙasa da ake kiran tsuntsaye da waɗannan sunaye yau, to ni ne liman ɗin da ya raɗa, a yafe mini. Ita ce kuma ta fara biyana don in yi shiru, kuma ita kaɗai ta taɓa cin nasara.

Manyan ma'aikata su ma suna zuwa ran Asabar da matan da ba a tambayar sunansu. Su ne masu wuyar sha'ani, don kowa so yake ya nuna ba ya tsoro. Saboda su aka kawo jirage biyu na roba masu feda kamar keke, muka ja musu igiya kusa da gaɓa inda dā masussuka ce, ba kututture, suna ta zagaye kamar awaki a turke.

Sai shekarar wahala ta zo, lokacin da rediyo ba ta da magana sai dimokuraɗiyya. Aka ce Lome ta rikice, yau zanga-zanga gobe yajin aiki. Motocin Sahara suka ɗauke ƙafa. Firji ya mutu don ba kananzir. A arewa kuma fushin ya fito ta wata kafa. Mutanen da aka tasa daga gonakinsu saboda ruwa da gandun daji, waɗanda aka sha kamawa a kan zabuwa guda, suka ce tunda an ce 'yanci, to ga nasu. Aka shiga daji da bindiga da tarko. Naman da dā ko sunansa ba ka isa ka faɗa ba ya cika kasuwa, giwayen da suka tsira suka haye Burkina. Ba na yabon abin, amma ni da na ga yadda ake korar yaro daga bakin ruwan da ya cinye gonar ubansa, ban iya cewa ban san dalili ba. Madam Abla, da yake 'yar kudu ce, aka ba ta shawara ta tafi. Ta hau motar albasa da akwati ɗaya. Mai gadi ya cire hularsa ta aiki ya koma ƙauye. Muka rage ni da tsohon. Shi a lokacin yanar ido ta rufe masa gani, ba ya ganin komai sai inuwa, kafaɗa kuma ta ƙi. Ni nake tuƙi, shi yana zaune a goshi.

Da hantsi suka zo, cikin bazara, lokacin da ruwa ya ja baya ƙwarai, kututture sun matso sama kamar haƙoran kada. Samari ne daga garuruwan kan tudu, da adduna da kulake. Suka fara da tuta, suka bi ɗakuna da wuta ɗaya bayan ɗaya, har da ukun farko na Madam. Jiragen roba suka narke suna wari. Ni dai na riga na ɗaure takalmi, na kuma zaɓi hanyar da zan bi. Na je in ja tsohon, na tarar ya shiga jirgi ya zauna a wurinsa, ya naɗe hannu.

Shugabansu Kolani ne, ɗan ƙanwar Baba Lamboni. Yana goye aka tashi garin. Ya iso bakin ruwa da bidon ɗin esansi, wato jarkar fetur, a hannu, sauran na biye. Da Moba suka yi maganar, a lokacin ina ji sarai.

"Kawu, fito. Jirgin hukuma ne."

"Na sani."

"To fito mana. Shekara nawa kana ɗaukar Anasara suna shan giya a kan kakanninmu?"

"Da yawa."

"Ba ka ji kunya ba?"

Tsohon ya juyo da fararen idanunsa wajen muryar. Ya ce, "Kai ka taɓa shiga?"

"Wa ya bar mu? Ba kare aka sa mana a ƙofa ba?"

"Yau ba kare. Shiga in nuna maka ɗakin da aka haife ka. In mun dawo ka ƙona, ga ashana ma a aljihuna."

Kolani ya ce ba wasa ya kawo shi ba. Sai wani daga baya ya ce, "Ku ƙyale shi, tsoron ruwa yake." Aka yi dariya. Wannan dariyar ita ta yi aikin da roƙo ba zai yi ba. Ya taka cikin jirgi da bidon ɗinsa, wasu biyar suka bi shi don kada a ce da su ma. Jirgin da ko huɗu muka ɗauka sai mun duba jikinsu. Tsohon ya ce da Hausa, "Ɗan Zongo, hanyan kasuwa."

Na so in ce ina da uzuri a Sokode. Amma na ga yadda suka zauna, duk sun taru gefe guda, sai aikin ya riga tsoro fita daga bakina. Na ce, "Kai mai adda, tsakiya. Kai mai ƙaton kai, koma hagu. Adduna a ƙasa, baki ya dubi katako. Wanda ya miƙe tsaye, duk mun tafi gaida kakanninku, ni kuma ba su san ni ba." Abin mamaki suka bi. Mutum ko ya ƙona gari, in ya ji ƙasa na rawa a ƙarƙashinsa ya kan zama ɗalibi.

Muka tashi, ruwa saura yatsa uku ya sha bakin jirgi. Na ɗaga kai in daidaita farin dutse da kuka, sai na ga ba dutse ba tudu. Hayaƙin ɗakuna ya kwanta a kan ruwa ya rufe komai. Tsoho ba ido, ni ba alama, ga mutum shida da ba wanda ya iya iyo, na bakwai ni, ga 'yan'uwansu a gaɓa da adduna suna jiran in dawo da su cif. Na ajiye filafili na ɗauki gora. Soka, saurara, tura. Tauri, tura. Tauri, tura. Laushi, ja baya, nemi tauri. Haka muka riƙa tafiya kamar makaho a kasuwa.

A kwanar da hanyar rijiya ta rabu da ta kasuwa na yi saurin juyawa. Gindin jirgi ya goga kan wani kututture, ya yi ƙara kamar ana yage fata, ya karkata, ruwa ya kwararo. Ɗaya ya yunƙura zai tashi, na daka masa tsawar da ban san ina da ita ba. Na cilla wa Kolani ƙwarya na ce, "Kwarfe!" Ya dube ni kamar zai cinye ni, sannan ya duƙa ya hau kwarfewa. Na lallaɓa na zame jirgin baya, na laluba har gora ta sami daɓe. Tsohon, ko juyowa bai yi ba, ya ce, "Tsamiyan maƙeri." Wani yaro a tsakiya ya ce, "Maƙeri kakana ne." Tsohon ya ce, "To ka gaya masa ya sare abinsa."

Daga nan aka fara. Baba Lamboni yana jin yadda jirgi ke juyawa yana faɗi. Nan kasuwa take, nan mahauta, nan mata ke sayar da burukutu, nan aka yi damben da uban wane ya rasa haƙori. Samarin da suka shigo suna huci sai ga su suna rige-rigen tambaya. "Namu fa, Baba?" "Gidanmu ta ina?" Ya ce da wannan, naku na bayan rijiya, ubanka rowa gare shi, ko kare ba ya tsayawa ƙofarku. Ya ce da wancan, gonarku ce muke wucewa, ƙasa mai kyau, malalata ne kawai ba su gode ba. Ba wanda ya yi fushi. Kowa so yake a zagi ubansa don a tabbatar ya taɓa zama a wurin.

Ya ce in karya dama in tsaya. Na soka gora ta ce ƙwas, ta daki dutse. Ya ce, "Dutsen niƙan uwarka ke nan, Kolani. Taku kaɗan gaba ɗakinta. Can kuma inda nake kai kaza, kakanka ne." Kolani ya ajiye ƙwarya ya ce in ba shi gorar. Na ba shi, na nuna masa yadda zai riƙe ba tare da ya tashi ba. Ya soka, ya sake sokawa, dutsen na amsawa. Da ya zaro ta ya share laka daga bakinta da yatsa ya riƙe a tafin hannu. Ban dubi fuskarsa ba, aikina ruwa ne. Na dai san ya daɗe bai mayar mini da gorata ba.

Da muka dawo hayaƙi ya ɗan yaye. Na gaɓa suka taso suna tambaya, na jirgi suka sauka kowa na ba da labari a lokaci guda. Tsohon ya laluba aljihu ya fito da ashana ya miƙa wa iska, wajen da yake jin Kolani. Ya ce, "Ga shi. Na yi alkawari." Kolani ya tsaya da bidon a hannu ɗaya, laka a ɗaya. Ya ce, "Ajiye, Kawu. Inna ba ta gani ba tukuna." Kafin ya rufe baki wasu sun cika jirgi suna cewa saura su. Na yi ta kai da kawowa har rana ta faɗi. Tun da na fara aikin ban taɓa samun fasinja kamar na ranar ba, kuma ko goro ba wanda ya ba ni.

Kampaman bai sake tashi ba. Siminti ya tsage, awaki suka gaji ɗakunan, Madam ba ta dawo ba, Allah ya jiƙan ƙoƙari. Jirgi kuwa ba wanda ya ƙara maganar ƙona shi. 'Yan gari suka riƙe shi nasu, su ke sayen kwalta in ya tsage, ni kuma a sallame ni da gero ko zabuwa. Baba Lamboni ya kai wa ubansa kaza a kakar nan, da kowace kaka bayanta, har shekarar da aka kwantar da shi a kan tudu.

Amma bari in rufe da fasinjar washegari. Da safe sai ga Kolani ya goyo uwarsa a kan keke. Tsohuwa ce ƙarama kamar tsintsiya, ta ci ado da zanen da ake ajiyewa don biki. Ba ta taɓa shiga jirgi ba, amma ta zauna daram a tsakiya ba wanda ya gaya mata. Muka bi hanyar kasuwa tana gyaɗa kai. Da na zo daidai gidan sai na yanke kamar jiya, na nufi dutsen niƙa kai tsaye. Ta daka mini tsawa da Hausarta ta kasuwa.

"Kai! Ina kana zuwa?"

Na ce, "Gidanki, Inna."

"Ta katanga? Ɓarawo ne kai? Ƙofa yana yamma."

Na dubi Baba Lamboni ko zai cece ni. Ya ce, "Gidanshi ne. Ni ma ta yamma ina shiga."

Na ja da baya, na zagaya da jirgi ta inda take nunawa da haɓa, a hankali, kada in taka mata rumbu. Ta ɗaga hannu na tsaya. Ba komai a gabanmu sai ruwa, shimfiɗe har tsallake. Ta zuba mini ido tana jira. Kolani ya ce a hankali, "Malam Musa, ba a shiga haka."

Na gyara hula, na gyara murya, na ce, "Gafara dai, masu gida."

Ta bar ni na ɗan tsaya, yadda ake yi wa baƙon da bai aiko ba. Sannan ta ce, "Shigo, ɗan Zongo. Tabarma babu. Ruwan sha kuwa, ɗiba da kanka."